Jan Tsumman da Ke Aljihuna

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yanzu na dawo daga asibiti. Dogo yana da rai, yana magana, har ya ce in gaya wa ƙanwarsa ta daina kuka tana tara masa mutane. Hannun hagu ne, daga wuyan hannu har kafaɗa, da gefen ƙirji. Sun naɗe shi tsaf kamar sabuwar waya a kwali. Likita ya ce tururi ya fi wuta mugunta, don shi ba ya tsayawa a fata.

Dogo yayan matata ne. Ni na samo masa aikin nan a masana'antar man girki wata huɗu da suka wuce, ni na cika masa takarda, ni kuma na koya masa aikin. Duk dangi sun san haka, don na tabbatar sun sani.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta sunayen masu koyo. Na juyo bayansa.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ba wanda ya tambaye ni komai.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya shigo ɗakin tabarau da kansa, abin da bai taɓa yi ba sai in da baƙi. Ya ce in fitar masa da sakamakon Dogo.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da wayoyi a kasuwa kafin in samu wannan kujera, kuma aikin duk ɗaya ne, a sa wa mutum abu a hannu a yi masa bayani har ya yarda. A nan babban tabarau nake ɗaura wa mutum a kai, ya rufe masa ido ruf, sai ya tsinci kansa a cikin masana'antarmu ta cikin kwamfuta. Kowane bututu, kowane tsani, har ƙarar injin. Ma'aikata suna kiranta Mafarki. A Mafarki kana iya fasa tukunyar tururi sau goma kafin azahar, in danna maɓalli ta koma sabuwa, kai kuma ko gumi ba ka yi ba.

Darasi na tara shi ne na jiniya. Tururi ya yi yawa, jiniya ta ɗauka, ka ruga lungun da ke bayan tukunya, ka tarar da mariƙi biyu na ƙarfe a jere, ka ja na rufewa. Ɗayan na zubarwa ne, yana sako tururin nan cikin lungun, ba a taɓa shi sai tukunya ta huce.

Dogo ya yi darasi na tara sau arba'in da ɗaya. Sau arba'in da ɗaya kwamfuta ta rubuta masa DAIDAI. Manaja ya duba takardar ya gyaɗa kai, ya ce to shi ke nan, an koya masa, ya iya, ranar gaske ya ruɗe ya ja na zubarwa. Ya ce in ajiye kwafi, kwamiti zai zauna.

Takardar DAIDAI kawai take cewa. Ba ta cewa hagu ko dama.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Baba Sufana ya tare ni a bakin famfon wanke hannu. Shekararsa talatin a nan, saura masa wata bakwai ya yi ritaya, kuma tun ranar da na zo bai taɓa kirana da wani suna ba sai Dillali. Sau ɗaya ya sa tabarau, ya cire ya ce masana'antar da ba ta wari ba masana'anta ba ce.

Ya tambaye ni wane mariƙi ne na rufewa a cikin Mafarkina. Na ce ai yadda yake a zane. Ya ce bai tambayi zane ba. Na ce na hagu.

Ya daɗe yana murza sabulu. Sannan ya ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa. Shekara tara da suka wuce bututun lungun ya tsage ana tsakiyar aiki, aka ce a gyara kafin gari ya waye ko ta yaya. Shi da mutanensa suka gicciya bututun biyu don ƙarfen da ke hannunsu bai kai ba. Tun ranar na dama ne ke rufewa, na hagu ke zubarwa. Manajan lokacin ya ce za a gyara zane, aka yi masa canjin wuri, maganar ta bi shi. Sai Baba ya yage jan tsumma ya ɗaura a mariƙin dama, duk sabon da ya zo ya ce masa, in ka shiga lungu, mai jan tsumma shi ne naka. Ya ce ya gaya wa Dogo ma, ranar farko.

"Ranar Talata da na shiga ɗauko shi, babu tsumman nan. Wa ya cire, Dillali?"

Na ce ƙila masu shara ne. Ya ce masu shara ba sa shiga lungu, sun fi kowa son ransu. Na ce to ƙila ya ruɓe ya faɗi. Ya kalle ni, ya kalli takalmina, ya yarfe hannu ya wuce.

Shi ba zai yi magana ba. In ya buɗe baki, aikin da ba takarda zai hau kansa, wata bakwai kafin ya tafi da mutuncinsa. Tsofaffin ma'aikata kuwa duk sun yi gum saboda shi.

Wannan tambayar ba ta ofis ba ce. Ba na lissafa ta.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na safe

Matata ta ɗauki rigar aikina za ta jiƙa, ta fara laluben aljihu kamar yadda ta saba. Ban san lokacin da na fizge ba. Ta tsaya da kumfa a hannu tana kallona, ta ce ko wasiƙar wata ce. Na yi dariya na ce ai da wata ce da na fi haka ƙiba. Ba ta yi dariya ba. Na sa rigar da dattinta na fita.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Asibiti. Na kai masa rediyo ƙarama da lemo. Inna, mahaifiyarsa, tana gefen gado tana yi masa fifita, da ta gan ni ta hau sa mini albarka, wai ni ne ban gajiya da zirga-zirga. Na ce ai yi wa kai ne, Inna. Bakina ya iya aikinsa ko ba na ciki.

Da ta fita alwala Dogo ya jawo ni da hannun mai lafiya. Ya ce ya shiga lungun, ya nemi tsumman da Baba ya faɗa bai gani ba, jiniya tana ihu, sai hannunsa ya tafi inda ya saba. Ya ce ya faɗa wa Manaja haka jiya, Manaja ya ce kamfani ya kashe abin da ya kashe a kan tabarau, shi kuma yana kawo masa zancen tsumma.

Sai ya ce, "Suruki, tsakaninka da Allah, a Mafarkin nan ba hagu ba ne? Ko dai zafi ne ya juya mini kai?"

Na ce, "Yaya, ka huta tukuna. Ba yanzu ba."

Ya sake ni. Ya juya fuska bango ya ce ƙila shi ne, dama tun yana yaro in an ce dama sai ya duba hannun da yake cin abinci.

Na taɓa sayar wa mutum waya na san batirinta ba zai kai sati ba, na ci abinci na ƙoshi a ranar. Yau na tsaya a bakin titi mota uku ta wuce ban tsayar ba.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na goge takalmin. Ban san dalili ba.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Kwamiti Litinin mai zuwa, ƙarfe goma. Sakatariyar Manaja tana sona da hira, na tsaya na yaba mata sabon mayafi har na karanta takardar da ke gabanta a juye. Iya karatu a juye kasuwa ce ta koya mini. An riga an buga: kuskuren ma'aikaci, a sallame shi bayan ya warke. Sa hannu kawai ya rage.

'Ya'yan Dogo huɗu. Shekara biyu ya yi a zaune kafin wannan aikin. Mutumin da aka rubuta wa ya ƙona kansa da ganganci, da hannu ɗaya da rabi, wace masana'anta ce za ta buɗe masa ƙofa?

Ba wanda ya tambaye ni.

Talata, ƙarfe shida da kwata na safe

Na riga kowa zuwa. Na ce wa maigadi na manta caja. Na zagaya bayan tukunya, hannuna a aljihu, niyyata in mayar da abin inda yake in ya so a ce dama yana nan, Dogo ne bai duba ba.

Sun sa wa lungun ƙofar waya da kwaɗo. Makulli yana wurin Manaja.

Na tsaya ina leƙe ta ramukan wayar. Mariƙi biyu, tsirara, iri ɗaya sak. Sai da na juyo na gane abin da na zo yi. Da ƙofar a buɗe take, da na ƙarasa binne shi da hannuna.

Laraba, ƙarfe uku na yamma

Injiniya ta kira daga babban ofis. Ita ta gina Mafarki, wata takwas tana kansa. Mace ce mai magana a hankali kamar tana ƙirga allura, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya sa nake tsoronta.

Lokacin ginin, ni ta ba kyamara mai juyawa a kan ƙafa uku, da taswira mai lamba ɗari da ashirin. Kowace lamba in kafa kyamara, in danna, in jira minti huɗu tana juyawa tana ɗaukar wurin. Daga hotunan take gina komai.

Ta ce tana duba ajiyarta, ta ga sittin da biyu, ta ga sittin da huɗu. Ina sittin da uku, ta lungun bayan tukunya?

Na ce ai mun yi maganar a lokacin, kyamara ta ƙi aiki saboda zafi. Ta ce ta tuna. Ta ce ta kuma tuna na ce mata na duba da idona, wurin daidai yake da tsohon zane, shi ya sa ta ɗauko daga zanen. Na ce haka ne. Sannan ta ce kyamarar nan an yi ta ne don wuraren da suka fi wannan zafi, amma ba komai, za ta zo ranar Litinin.

Na ce Allah ya kawo ta lafiya, har da tambayar mutan gida.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Takalmin fata ne, ruwan ƙasa, ranar ɗaukar hoton lungun na fara sa shi. Ƙasan lungun duk baƙin mai ne da ruwan zafi. Minti huɗu kawai, amma ban shiga ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Tunda na fara, bari in ƙarasa, littafi ba ya kai ƙara.

Ranar da manya suka zo daga babban ofis ganin Mafarki, Manaja ya ce yana so in sun cire tabarau su zagaya, su kasa bambance wacce ce ta gaske. Ni ne ɗan rakiya. Ina gaba da su da taku goma, ina duba hanya kamar yadda nake goge gilashin shago kafin mai saye ya iso. Muna zuwa bakin lungu na hango wani ƙazamin abu yana reto a jikin ƙarfe. A Mafarki babu shi. Taku biyu na yi, a kan yatsu, na fizge na cusa a aljihu, na juyo ina murmushi. Babban cikinsu har ya dafa kafaɗata ya ce wurin nan kamar asibiti.

Wallahi ban san na mene ne ba. Wannan kam gaskiya ce. Sai dai da na tsaya minti huɗun nan, da na sani, da Injiniya ta sani.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Matata ta ce in yi wa Manaja magana, tunda yana jin maganata. Ta ce kai da kake sayar wa mai waya waya, ka kasa roƙa wa Yaya arziki? Ta ce ko durƙusawa ce ta kama za ta bi ni mu je tare.

Na ce ina tunani. Ta ce tunanin me, kwana goma ke nan kana tauna abinci kamar mai ciwon haƙori.

Na lissafa yadda zan tsira ta hanya uku. Ta farko in ce Baba ne ya tabbatar mini da zanen. Ta biyu in ce Injiniya ce ba ta bi sawu ba. Ta uku in yi shiru in bar takarda ta yi aikinta. Duk ukun za su ci, na san haja mai tafiya in na gan ta. Kowacce kuma sai an yanka wani.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ko na faɗa da baki, Manaja zai ce ina kare surukina ne, ya sa hannu ya tashi. Na san irinsa. Mai saye irin wannan ba a yi masa bayani, hajar ake miƙa masa ya taɓa da kansa.

Litinin, ƙarfe biyu da rabi na rana

An yi.

Mu biyar ne a ɗakin tabarau: Manaja, Injiniya, mutumin ofishin ma'aikata da takardarsa, Baba a tsaye a bakin ƙofa kamar an kawo shi aski, da ni. Manaja ya ce in nuna wa kwamiti darasi na tara a allo a gama. Na ce ranka ya daɗe, allo ba ya nuna sauƙin abin, in ka gwada da kanka ba mai cewa an zalunci kowa. Na ce ai ko yaro zai iya, balle kai. Ya ji daɗin wannan. Ya cire hula na ɗaura masa.

Na farko ya yi karo da bango. Na biyu ya samu. Na ce a ƙara, ranka ya daɗe, don a ga saurin. Sau bakwai na sa shi, ina kirari ina cewa ko Dogo bai kai wannan ba. A na bakwai daƙiƙa shida ya yi, ya cire tabarau yana haki yana dariya, ya ce wa mai takarda ka gani ko.

Na ce saura abu ɗaya, tunda tukunya a kashe take kwana goma sha uku, mu je ya nuna musu a wurin, a rufe magana. Injiniya ta ɗago ta kalle ni. Ita ta ce, "Mu je."

Ya buɗe kwaɗon da kansa. Na ce in na tafa hannu jiniya ce. Na tafa. Ya ruga da babbar rigarsa, ya kai hannu bai ko duba ba, ya ja na hagu har ƙasa.

Wani guntun ruwa mai tsatsa ya tsiyayo daga bututun da ke daidai ƙirjinsa, ya ɓata masa gaban riga. Ya tsaya yana kallon rigar.

Baba ya ce daga baya, a hankali, "Da da wuta, ranka ya daɗe, da yanzu kana gado ɗaya da Dogo."

Daga nan ban bar kowa ya tambaya ba. Na zaro tsumman na ɗora a tafin hannuna. Na faɗi sittin da uku, na faɗi takalmi, na faɗi ranar baƙi. Ban sa gishiri ba, karo na farko a rayuwata, kuma abin bai kai minti biyu ba. Baba ya karɓa daga inda na tsaya ya faɗi nasa na shekara tara, ba wanda ya matsa masa.

Mai takarda ya ninke takardarsa biyu ya sa a aljihu. Manaja bai ko dube ni ba. Hannunsa na hagu yake ta kallo.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo yana nan a kan aikinsa, an goge kuskuren ma'aikaci, kamfani zai riƙe jinyarsa har ya tashi. Baba ya samu takardar gargaɗi, an kuma haɗa shi da Injiniya su bi masana'anta lungu-lungu yana nuna mata duk abin da aka taɓa canzawa ba a rubuta ba. Jiya kaɗai sun samu shida. An rufe Mafarki sai sun gama.

Ni Juma'a zan miƙa katina na aiki.

Na gaya wa matata tun ranar Litinin, kafin ta ji a bakin wani. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ɗauke kwanon da ke gabana ban gama ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Yau ta yi magana. Ta ajiye kular abincin asibiti a gabana ta ce, "Kai za ka kai. Kuma da bakinka."

Na kai. Na faɗa. Dogo ya kalli silin. Sannan ya leƙo ta gefen gado ya kalli ƙafata, ya tambaya ko su ne waɗannan. Na ce su ne. Ya ce ko kyau ba su da shi.

Ya ce tururin bai dame shi ba kamar ranar Asabar ɗin nan da ya tambaye ni na ce ya huta. Ya ce kwana tara yana kwance yana zagin kansa. Da zan fita ya ce gobe in zo da batirin rediyo, nasa ya mutu. Bai ce ya yafe ba. Batiri ya ce.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na miƙa kati, na kwashe kofina da cajata. Baba ya ba ni hannu a bakin famfo, ya ce kasuwa tana nan inda na bar ta, Dillali. Tsumman yana wurinsa, ya mayar da shi da kansa, ƙulli uku.

Ina fita Injiniya ta kira ni ɗakin tabarau. Ta ce ta gyara sittin da uku, tana so wanda ya san wurin ya duba mata. Na sunkuya ta ɗaura mini.

Lungun ya fito da baƙin mansa a ƙasa, har da tsatsar bututu. Mariƙi biyu. A jikin na dama ga jan tsumma yana reto, da yagewarsa da dattinsa, ta ɗauke shi hoto ta saka yadda yake.

Na miƙa hannu na kama shi na ja. Na sake ja da ƙarfi.

Ta bayan kaina na ji muryarta, a hankali kamar kullum. Ta ce in bar wahalar da kaina, wannan ba ya cirewa.